Turaren Da Ke Riga Mai Shi Sallama

A shagunan turaren da suka yawaita a 'yan shekarun nan, daga Titin Zoo zuwa Court Road ta Gyaɗi-Gyaɗi har bakin Titin Maiduguri wajen Daurawa, akwai tambayar da mai saye yakan yi tun kafin ya tambayi kuɗi. Zai ɗaga kwalba mai nauyi, ruwan cikinta jaja-jaja kamar shayin da ya daɗe a wuta, ya sansana murfin, sannan ya ce, "Malam, wannan na maza ne ko na mata?" Amsar mai shago ba ta cika canzawa ba: "Na kowa ne, Yallaɓai. Nish ne." Nish ɗin nan laƙabi ne da 'yan kasuwar Turai suke yi wa turaren ƙananan gidaje, wanda ba a haɗa shi don ya gamsar da kowa ba, ake kuma tsawwala masa kuɗi daidai da hakan. Daga nan sai mai shago ya ƙara da abin da ya san zai sa a zaro katin banki: yana kama jiki, yana kwana a riga, kuma duk inda aka shiga da shi sai an waiwayo.

Mai shagon ya faɗi gaskiya fiye da yadda shi kansa ya sani, domin irin wannan ƙamshi ya daɗe da zama na kowa a Kano. Inda ya kamata mai saye ya dakata shi ne a kan alkawarin ƙarshe. Wanda ya waiwayo ba lallai ne daɗi ya ji ba.

Kafin a kai ga nan, adalci ne a faɗi abin da turaren yake yi wa mai shi, don ba haka kawai mutane masu hankali suke zuba masa kuɗi ba. A ɗauki ma'aikacin da ya fito daga gida a Daurawa da ƙarfe bakwai na safe a watan Disamba. Hazo ya rufe gari, leɓe ya bushe, iska ba ta ɗauke da komai sai ƙura da hayaƙin bola. Ya fesa sau biyu a wuya kafin ya sa hula. Minti goman farko ba su da daɗi sosai: alkohol ne ke tashi, tare da yajin girfa da za'afaran mai sa atishawa. Kafin ya wuce gadar Dangi yajin ya kwanta, wani zaƙi ya taso daga ƙarƙashi, kamar dabinon da ya kwana a jakar fata, ko zumar da ta sha hayaƙi. Zuwa azahar wannan ma ya ja da baya, an bar shi da abin da zai raka shi har dare: itace, ƙaro, banila, da wani ɗan maiƙo mai kama da ƙamshin jikin mutum mai tsabta. Babu siddabaru a wannan jeri. Sinadaran da aka haɗa ne nauyinsu ya bambanta, marasa nauyi su riga tashi, masu nauyi su lafe a fata da zaren tufa.

Ɗumin da ake faɗa kuwa ma'aunin zafi ba zai nuna shi ba, a ƙwaƙwalwa yake. Hanci ya saba haɗa girfa da ƙanumfari da shayi mai zafi, ya saba haɗa ƙaro da garwashi, don haka da ya ji su sai jiki ya amsa kamar an matso da kasko. Mai sanye da shi a hunturu yana jin kamar ya ɗora wata riga a kan rigarsa, wadda ido ba ya gani amma kafaɗa tana jin nauyinta. Yakan gyara zama, ya rage gaggawa a magana. Duk wanda ya taɓa sa babbar riga sabuwa dal ya san yadda tufa take sauya tafiyar mutum, turare mai nauyi ma haka yake yi. Ginshiƙin wannan ɗumi shi ne haɗin da masu sana'ar suke kira ambar: ƙaron wani ɗan itace na gaɓar Bahar Rum mai suna labdanum, da banila, da jawi.

A kan jawin nan ne maganar sabon abu take fara warwarewa. Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka a Kano a 1851, ya yi lissafin hajar da ayari ke shigowa da ita ta hamada. Ya ƙiyasta jawi da ƙanumfari da danginsu a kan wuri miliyan 15 a shekara. Man wardi kuwa ya ware shi daban, ya ƙiyasta shi a kan wuri miliyan 40, ya kuma lura cewa kaɗan ne daga cikinsa ke isa kasuwa: a keɓe ake sayar wa sarakuna da manyan gari, ko a kai musu shi gaisuwa. Turare mai tsada wanda ba a baje shi a rumfa, sai wanda ya san hanya yake samu. In wannan ba nish ba ne, to mene ne? Kuma wardi ne, furen da tallan Turai ya daɗe da sallama wa mata, ga shi a jikin rawani da alkyabba. Tun kafin Barth, a 1824, Hugh Clapperton ya ziyarci Atiku, ɗan'uwan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Sakkwato, ya rubuta cewa yana kiwon tunkun jibda 200 a kejin katako, ana kankaro jibdar daga jikinsu. Ɗanyar jibda wari gare ta. Sai an tsarma ta ƙwarai take komawa ƙamshi mai ɗumi da kama jiki, kuma da ita manyan gidajen turaren Faransa suka daɗe suna ɗaure haɗinsu kafin a koma ga ta ɗakin gwaji.

Ba sai an je fada ba ma. Bint el Sudan, wanda tsofaffi ke kira Bintu Sudan, kamfanin W.J. Bush na Landan ne ya fara haɗa shi a 1920, bayan wakilinsa Eric Burgess ya komo daga Khartoum da samfurin abin da mutanen can suke so. Mai ne, babu alkohol a cikinsa, ana ɗura shi a 'yar kwalba mai mililita 12, kuma a Kano kamfanin Gongoni yake yin sa. Sunansa 'yar Sudan, hoton budurwa ne a jikin kwalbar, amma hakan bai hana dattijo ya ɗiga shi a tafin hannu ya shafa a gemu ranar Juma'a ba, kamar yadda bai hana a zuba shi a kayan amarya ba. Haka ɗan goma, haka ɗan duwala. Mai tireda bai taɓa raba musu kanta ba.

Raba turare gida biyu, shuɗin kwali ga maza, ruwan hoda ga mata, al'adar talla ce da ta yi ƙarfi a Turai da Amurka a ƙarni na 20. Jicky na gidan Guerlain, wanda ya fito a 1889, maza da mata duk sun sa shi. A 1934 gidan Caron ya fitar da Pour un Homme, wanda sunansa kaɗai ya ce na namiji ne, aka kuma bi wannan turba shekara da shekaru. Da Calvin Klein ya fitar da CK One a 1994 ya ce na kowa ne, sai aka ɗauke shi abin mamaki, alhali dabararsa ita ce ya sassauta komai har ya koma ƙamshin lemo da sabulu wanda ba zai dami kowa ba. Na kowa mai nauyi ta ƙofar Gabas ya shiga musu. An kafa Amouage a Oman a 1983, Yves Saint Laurent ya sa ud a M7 a 2002, Tom Ford ya biyo da Oud Wood a 2007, daga nan kowane gida ya ruga neman itace da ƙaro da hayaƙi. Abin da ake miƙa wa Bakano a yau cikin gilashi mai murfin zinariya, ana ce masa sai mai ƙarfin hali ne yake iya sa shi, ƙamshin ɗakin kakarsa ne ya je yawon duniya ya komo da fasfo.

Sai dai kuskure ne a ce Kano ba ta bambanta turaren namiji da na mace. Tana bambantawa, ma'auninta ne daban. Sandal ɗaya ne, almiski ɗaya ne, abin da aka raba shi ne wuri da nisa. Hadisin da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito daga Abu Huraira ya siffanta turaren maza da bayyanar ƙamshi, na mata kuwa da ɓoyuwarsa, malamai kuma suka ɗauke shi a kan halin fita waje, domin a cikin gida mace tana sa abin da ta ga dama. Ba a ambaci fure ko itace ba, inda ƙamshi zai tsaya ake magana. Ko wanda bai zauna gaban malami ba ya ga aikin wannan a tsarin gida: turare mafi ƙarfi a ƙasar Hausa na mata ne, kuma na bayan labule ne.

Humra ke nan da turaren wuta. Ta Borno suka fi shigowa, daga hannun matan Kanuri da Shuwa, waɗanda su ma sana'ar ta haɗa su da Chadi da Sudan. Ana soya farce a daka shi da sandal da ƙanumfari, a zuba almiski da turaruka iri-iri, a rufe a bar haɗin makonni ya tsumu. Ana jiƙa itacen hawi da kajiji da turare da sukari, a ɗora a garwashi, a kifa kabbasa a shanya tufa a kai. Da wuya a sami kwalbar Faransa da ta fi wannan ƙarfi. Amma ƙamshi ne mai adireshi. Duk hancin da ya tashi a Kano, in ya ji shi, ɗakin amarya yake gani.

A nan ne rubutun "na kowa" yake yin tuntuɓe. Namijin da ya fesa haɗin banila da sandal da almiski mai zaƙi ya zauna a majalisa, hancin abokansa bai iya karanta nish ba. Humra zai karanta, a shiga zolayarsa da angonci. Wannan mai sauƙi ne. Wanda ya koma gida da magariba da wannan ƙamshi a wuyan riga, bai kuma taɓa nuna wa uwargida kwalbar ba, yana iya samun kansa yana rantse-rantse a kan laifin da bai yi ba. Ga mace kuwa abin ya fi nauyi. Likita ko lauya ko ma'aikaciyar banki a Tarauni tana yini a waje kamar kowane namiji, kuma turaren da ya cika ofis yana jawo mata maganar da ba a yi wa abokin aikinta da ya fesa kwalba iri ɗaya. Akwai rashin daidaito a nan, musamman inda namiji ya mayar da sunnar sa turare lasisin cika wa kowa hanci. Amma rubutun da ke kan kwali bai soke komai daga cikin wannan ba. Kamfanin da ya rubuta shi bai san da zaman adaidaita sahu ba.

Abin da yake sabo da gaske shi ne nisan zango. Turaren mai, wanda ake shafawa a gemu da bakin hannun riga, a hankali yake tashi, ba ya rabuwa da jiki. Sai an matso an yi musabaha ake samunsa, kamar goron da aka miƙa. Feshi kuwa aikinsa ke nan ya watsa. A al'adar masana'antar, kwalbar da aka rubuta wa eau de toilette tana ɗauke da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na man ƙamshi, eau de parfum 15 zuwa 20, extrait kuwa 20 zuwa 30 ko fiye, kuma turarukan da ake magana a kansu daga rukunin sama suke. Sannan ga sinadaran zamani. A 1950 masanan kamfanin Firmenich na Geneva suka haɗa wanda ake kira Ambroxan, don ya maye gurbin ambar ɗin da ake tsinta a teku. Bayansa aka yi ta ƙera danginsa masu ƙamshin busasshen itace, da niyyar su yi nisa, su kuma jure har wanki. Akasarin abin da ake rubuta wa ud a kwalbar feshi irin waɗannan ne, domin ud na gaske ƙaro ne da itacen Aquilaria na Asam da Kambodiya da Indonesiya yake fitarwa idan cuta ta kama shi, kuma an sare itacen har sai da aka sa nau'insa mafi shahara ƙarƙashin yarjejeniyar CITES a 1995. Ba aibi ba ne turare ya zama na ɗakin gwaji. Aibin yana ga wanda ya ɗauki kayan da aka ƙera don su cika zaure, ya auna su da hannun da ya saba da Bintu Sudan.

Hanci kuma yana da wata ɗabi'a da ke taimaka wa ɓarnar. Ƙamshin da ya daɗe yana ji, cikin 'yan mintuna ƙwaƙwalwa take daina kula shi. Mai turare sai ya ɗauka ya gushe, ya ƙara feshi huɗu a mota kafin ya shiga ofis. Laifi tudu ne, aka ce, amma wannan tudun mai shi ma bai san ya taka ba: shi kaɗai ne a ɗakin ba ya jin abin da yake yi.

Waɗanda suke ji su ne mutum biyun da suka matsu da shi a bayan adaidaita, da wanda ya haɗa kafaɗa da shi a sahu, da abokan aiki a ofishin da aka rufe tagoginsa na'urar sanyi tana juya iska ɗaya tun safe. Daga ciki akwai mai asma, akwai mai ciwon ɓarin kai wanda ƙamshi kan tayar masa, akwai mai laulayin da ko tururin shinkafa ba ta iya jurewa. Gyaɗi-Gyaɗi unguwar asibiti ce. Duk yamma jama'a suna ɗunguma zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano dubiya, cikin wanka da kwalliya kamar yadda ladabi ya tanada, kuma wanda ke kwance ba shi da halin tashi ya ba da wuri. Ido yana da fatar rufewa, hanci ba shi da ita. Ga shi a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, feshi biyun da suka zama bargo a Disamba sukan koma wani abu dabam: zafi yana tayar da sinadaran gaba ɗaya, zaƙin ya haɗu da gumi ya yi kauri, ya tsaya a maƙogwaro. Kara ba za ta bar kowa ya furta ba. Sai dai a ɗan zuge gilashin mota, a gyara mayafi a kan hanci, a waiwayo.

Akwai mai cewa wannan ƙorafin na Bature ne, wanda ya saba da ƙamshi siriri, kuma Kano gari ne da ake yabon mutum da cewa turarensa ya riga shi isowa. Yana da hujja. Masallacin Juma'a da babu ƙamshi a cikinsa, ko ɗaurin auren da aka watse hannu bai ɗauki turaren kowa ba, da sun zama abin tausayi, kuma babu dalilin da zai sa hancin Faris ya zama alƙalin hancin Tarauni. Amma tsohon ƙarfin yana da linzami. Kasko ana iya fitar da shi tsakar gida. Turaren biki a fili ake sa shi, kowa kuma ya zo ne da shirinsa. Shari'ar da ta kwaɗaitar da sa turare ranar Juma'a ita ce ta hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa kusantar masallaci, kuma dalilin hanin cutar da na kusa ne. Tsadar abin da ya cutar ba ta sauya hukuncin cutarwa.

Tsadar ma abin dubawa ce. Kwalbar Baccarat Rouge 540 mai mililita 70, turaren Francis Kurkdjian da ya zama abin kwaikwayon duniya, ta haura dala 300. A canjin da ya wuce Naira 1,500 a 2024, wannan ya zarce Naira 450,000, wato fiye da albashin wata shida a mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a shekarar. Mutum yana da ikon kashe halal ɗinsa inda ya so. Amma ya san cewa ƙaramin gidan da yake zaton yana saya daga gare shi ya daɗe da shiga hannun manya: LVMH ya mallaki gidan Kurkdjian a 2017, Estée Lauder ya sayi Le Labo a 2014. Abin da ya fi cika kantunan Titin Zoo kuwa na Daular Larabawa ne, irin su Lattafa, masu bin sawun waɗancan a kan kuɗi kaɗan. Wanda ya fi tashe a cikinsu, mai girfa da dabino, ya fito a 2022 da sunan Khamrah, sunan da kunnen Bakano ba zai kasa jin humra a cikinsa ba. Araharsu alheri ce ga aljihu, sai dai ita ce kuma ta sa ba a ƙirga feshi.

In ana neman turaren da ya cika ma'anar nish kamar yadda masu kalmar suka tsara ta, wato hannu ɗaya, kwalabe kaɗan, haɗin da ba a samu a kanti, to a lungunan Daurawa da Tarauni yake. Mata ne suke haɗa shi a gida suna tallatawa a WhatsApp, kowace da sirrin da ta gada ko ta biya kuɗi ta koya wurin 'yan Maiduguri. Suna da rauninsu: da yawa babu lambar NAFDAC, babu jerin abin da aka zuba, kuma kwalbar wannan wata ba lallai ta yi daidai da ta watan gobe ba. Amma mai saye yana iya cewa, "Hajiya, a rage mini zaƙin, a ƙara sandal, na ofis nake so," a kuma yi masa, abin da babu gidan Faransa da zai yi wa ma'aikacin Kano. Wasu mazan sun gane haka, sun fara aika matansu ko ƙannensu su karɓo musu, da sharaɗin a juye a kwalbar da babu hoton fure a jikinta.